Kano Na Faɗaɗa, Amma Titunanta Ba Sa Haɗuwa

Duk wanda ya bi titin Zariya ko titin Katsina da misalin ƙarfe biyar na yamma ya san halin da Kano take ciki. Ƙananan motoci, A Daidaita Sahu, tireloli, kowa na neman inda zai sa kai. Ka tambayi direba, zai ce maka ababen hawa ne suka yi yawa. Haka ne, sun yi yawa. Amma akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: da yawa daga unguwannin da suka tsiro a shekaru arba'in ɗin nan ba su da hanyar mota da za ta kai mutum unguwar da ke maƙwabtaka da shi, sai ya fito bakin titi. Mai zuwa asibiti, ɗan makaranta, mai kai kaya kasuwa, duk a mazurari ɗaya ake ɗura su.

Masana tsara birane suna auna wannan abu. Ba faɗin gari kaɗai suke dubawa ba. Suna ƙirga mararraba nawa ce ke da hanya huɗu, titi nawa ne ya je ya mutu a jikin katanga, kuma zagaye nawa mutum zai yi kafin ya isa wurin da yake hangowa da idonsa. A shekarar 2020, wasu masana biyu, Christopher Barrington-Leigh da Adam Millard-Ball, sun wallafa binciken da suka yi a kan taswirar titunan duniya baki ɗaya. Abin da suka gano shi ne, tun daga 1975, a yawancin ƙasashe, sababbin titunan da ake yi ba su kai na da haɗuwa da juna ba. Inda kuwa tituna ba sa haɗuwa, tafiyar ƙafa kan gagara, motar haya ba ta samun layin da za ta bi, sai kowa ya koma neman abin hawa na kansa.

A Kano ana iya karanta wannan tarihi a ƙasa. Cikin ganuwa, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, lunguna ne masu lanƙwasa. Baƙo zai ɗauka babu tsari, alhali an yi su ne don ƙafa da jaki, kuma ɗan gari ya san lungun da zai ɓulle da shi Kasuwar Kurmi. Turawa suka ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari layi-layi, kowane titi na ratsa wani. Har yau, duk da cunkoson Sabon Gari, in wani layi ya toshe sai ka karya ka bi na gaba. Bayan samun 'yanci aka yi wa birnin tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda ake kira tsarin Trevallion. Jama'a ta riga tsarin gudu. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye sun doshi mutum miliyan uku.

Ina aka zuba wannan jama'a? A gonaki, ta hanyar awon igiya. Ga yadda abin yake. Magada sun raba gona, ko mai ita ya matsu, sai dillali ya zo da yaransa da igiya da turaku. Kowane taku na ƙasa kuɗi ne, saboda haka hanyar da za a bari ita ce mafi ƙanƙanta da mai saye zai yarda da ita. A yanka fuloti, a yanka rabi, a yanka kwata. Bayan shekara biyu maƙwabcin gonar shi ma ya sayar, wani dillalin ya zo da tasa igiyar, ya ja layukansa yadda suka yi masa, ba tare da ya dubi inda na farko suka ƙare ba. Sai layi ya zo ya ci karo da bayan gidan wani. Mai gidan kuma ya fito da dakali, ya haƙa shadda a waje, hanyar ta ƙara tsukewa. Haka manyan sassa na Kurna, Rijiyar Lemo, Ɗorayi da Sheka suka samu.

Ba na ganin laifin talakan da ya sayi kwata. Filin gwamnati mai takarda ya fi ƙarfinsa, iyali kuma ba za su kwana a sarari ba. Sai dai shi ne yake fara biyan kuɗin wannan tsari. Ranar da gobara ta tashi, motar kwana-kwana a bakin titi take tsayawa. Mai naƙuda da tsakar dare sai an riƙo ta an fito da ita inda mota za ta iya juyawa. Ɗan garuwa yana ƙara kuɗin jarka saboda wahalar tura kura. Da damina kuwa, tun da magudanar ruwa ba ta da inda za ta miƙe, ruwa a tsakar gidaje yake kwana.

Masu hali ma suna yin nasu, ta wata fuskar. Rukunin gidaje mai katanga da ƙofa ɗaya, ko layin da mazauna suka sa wa get saboda tsaro, shi ma yanke hanya ne. Tsoron ɓarayi gaskiya ne, amma kowane get yana tura wasu motocin zuwa babban titin da ya riga ya cika.

Gwamnatocin Kano sun kashe maƙudan kuɗi a gadojin sama da na ƙasa, a Ƙofar Nasarawa, da Dangi, da Hotoro. Sun rage wahala a waɗannan mahaɗu, babu musu. Amma gada ba ta buɗe hanya tsakanin unguwa da unguwa, kuma titi abu ne mai naci. Gida ana rushe shi a sake, layin da aka ja kuwa yakan yi ɗaruruwan shekaru. Landan ta ƙone a 1666, aka zana sababbin taswirori masu kyau, amma daga ƙarshe a kan tsofaffin layukanta aka sake gina ta, domin kowa ya riƙe iyakar filinsa.

Shi ya sa nake ganin aikin da ya fi gaggawa yana can bakin gari, wajen Janguza, da hanyar Gezawa, da hanyar Madobi, inda har yanzu ake noma dawa. Wasu biranen Habasha, irin su Hawassa da Bahir Dar, sun gwada wannan tun wajen 2013: suka shata manyan hanyoyi masu faɗin mita 30, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kusan kilomita ɗaya, tun gine-gine ba su iso ba. Ba sai an zuba kwalta yanzu ba. Ya kamata hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, ta kafa turaku, a biya manomi diyyarsa cikakkiya, a sa dagatai da masu unguwanni su zama shaida, domin da saninsu ake kowane ciniki. Diyyar gona a yau ba ta kai ta gidaje ɗari da za a rusa nan da shekara goma sha biyar ba.