Ƙusoshin Cerro Torre: Rikicin da ya raba kan masu hawan dutse

A watan Janairun 2012, 'yan sandan ƙauyen El Chaltén da ke kudancin Ajantina suka tsare wasu matasa biyu, Hayden Kennedy ɗan Amurka da Jason Kruk ɗan Kanada. Laifinsu a idon mutanen garin shi ne sun sauko daga tsaunin Cerro Torre ɗauke da ƙusoshin ƙarfe sama da 100 da suka ɓamɓare daga jikin dutsen.

Kafin a gane dalilin wannan fushi, sai an san yadda ake hawan dutse a gargajiyance. Mai hawa yakan nemi tsaga a jikin dutsen, ya cusa ɗan ƙarfe a ciki, ya maƙala igiyarsa domin ta tare shi idan ya zame. Abokinsa da ke biye da shi sai ya zare ƙarfen, su bar dutsen yadda suka same shi. Inda babu tsaga, ko dai mutum ya haye da ƙwarewarsa, ko ya haƙura ya sauko. Ƙusa kuwa huda dutse ake yi a kafa ta, kuma da zarar ta shiga ta zauna ke nan. Tana rage haɗari, amma tana mayar da kowane bango tsani.

Cerro Torre, mai tsayin mita 3,128, yana yankin Patagoniya, inda iska da ƙanƙara ke korar gwanaye. Cesare Maestri ɗan Italiya ya ce ya kai ƙololuwarsa a 1959 tare da Toni Egger, wanda ya rasu a tafiyar. Mutane da yawa ba su gaskata shi ba. A 1970 ya komo da injin huda dutse mai shan fetur, aka riƙa jan sa sama da igiya, ya kafa ƙusoshi kusan 400. Duk da haka bai taka tulin ƙanƙarar da ke can ƙoli ba. Jim Bridwell da Steve Brewer ne suka kammala hanyar a 1979.

Reinhold Messner, fitaccen mai hawan tsaunuka, ya daɗe yana gargaɗin cewa irin wannan aiki na kashe ma'anar hawan, domin wanda ke da injin huda ba ya buƙatar tambayar kansa ko zai iya. A nan gaskiya tana wajensa. Maestri ya ƙwace wa na baya damar gwada bangon yadda Allah ya halicce shi, kuma kwanaki kaɗan bayan cire ƙusoshin, David Lama ɗan Ostiriya ya haye wannan gefen da hannu da ƙafa, igiya tana kāre shi kawai. Ashe dai dutsen yana hawuwa.

Sai dai mutanen El Chaltén ma suna da tasu hujjar, kuma ba ƙarama ba ce. Shekaru sama da 40 ƙusoshin suka yi a wurin, yawancin waɗanda suka kai ƙoli ta kansu suka bi, garin kuma da baƙi masu hawa da masu yawon buɗe ido yake ci. A 2007 an yi taro a garin kan batun, mafi rinjaye suka zaɓi a bar su. Kennedy da Kruk, waɗanda suka hau ba tare da dogaro da tsanin Maestri ba, sun yanke hukunci su biyu a saman dutse, kamar yadda shi ma ya yanke nasa ba tare da shawartar kowa ba. Baƙo ne ya huda, baƙi ne suka cire. Masu gari dai kallo ya rage musu.

Ba ko'ina ake kaiwa ga 'yan sanda ba. A Birtaniya, hukumar masu hawan dutse ta ƙasar takan tara masu hawa na kowane yanki su tsayar da inda aka yarda a kafa ƙusa da inda aka hana, shi ya sa duwatsun gargajiya na yankin Peak District suke nan ba a huda su ba.

Maestri ya rasu a 2021 yana kan bakansa game da hawan 1959. Injin nasa kuwa matasan ba su taɓa shi ba, suka bar shi rataye a jikin bangon, dab da ƙoli.