Mai son rage ƙiba: dole ne ya bar burodi?

Da sassafe a Maraɗi, wurin da ya fi cika bayan masallaci shi ne teburin mai shayi. A bakin babbar kasuwa, a tashoshin mota, a unguwannin Zariya, Sabon Gari da Ali Ɗan Sofo, za a tarar da ma'aikaci da ɗan kabu-kabu da ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a benci ɗaya, kowa da kofin shayi da guntun burodi a hannu. Mutanen Tibiri da ke sammako zuwa birni wurin aiki ko kasuwa, da yawansu nan suke karyawa, tunda sun baro gida kafin a ɗora tukunya.

Shi ya sa ranar da likita ya ce wa mutum ya rage nauyi saboda hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon gwiwa, shawarar farko da yake samu daga ƴan uwa da abokai ita ce ya bar burodi. Wasu sukan bari na sati biyu ko uku, yunwar hantsi ta dame su, su koma, su ce abin ya fi ƙarfinsu. Alhali in an yi lissafin abin da ke kan teburin, burodin ba shi ne ya fi nauyi ba.

Lissafin teburin mai shayi

Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da kalori. Babbar mace mai aiki matsakaici tana bukatar wajen kalori 2000 a rana, namiji wajen 2500. Mai noma ko dako ya fi haka, mai wuni zaune a kanti ko ofis bai kai ba. Abin da ya haura bukata jiki yana ajiye shi a matsayin kitse, ko daga burodi ya fito, ko daga tuwo, ko daga fura.

Giram 100 na farin burodi, wato kusan rabin dogon burodin nan na Faransa da ake kira baget, yana da kalori wajen 270. Sai a duba abin da ake haɗa shi da shi. Cokali biyu na mayonas, irin babban cokalin cin abinci, sun kai kalori 190. Ƙwai biyu wajen 150 ne, amma mai shayi ba ya soya su a busasshen kasko: cokali ɗaya na mai yana ƙara 120, kuma ba kasafai hannunsa ke tsayawa a cokali ɗaya ba. Madarar gwangwani mai kauri, wadda fiye da rabin nauyinta sukari ne, cokali uku sun kusa 190. In an tara, karin safe ɗaya ya wuce kalori 900, kusan rabin abin da mace ke bukata a wuni guda, kuma rabon burodi a ciki bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ba a ma sa sukarin da wasu ke ƙarawa a kan madarar ba, wanda kowane ƙwaya ɗaya kalori 20 ne.

Mutumin nan zai iya zama a benci ɗaya, wurin mai shayi ɗaya, ya ce a yanka masa burodi kamar tsawon tafin hannunsa, wajen giram 60, a sa masa dafaffen ƙwai biyu da tumatir da albasa, a ba shi shayi da sukari ƙwaya ɗaya. Wannan bai kai kalori 400 ba. Bambancin ya haura 500, kuma ragin kalori 500 a kowace rana shi ne abin da masana abinci suka saba ba da shawara ga mai son sauke wajen rabin kilo a sati a farkon tafiya. Kuɗin da zai biya ma ya ragu.

Inda laifin burodi yake

Wannan bai wanke burodi tas ba. Fulawar da ake yin sa da ita alkama ce da aka cire wa dusa da ƙwayar tsiro, aka bar farin gari zalla. Ciki ba ya shan wahala wajen narkar da shi, sukarinsa yana shiga jini da sauri, kuma ba a daɗe ba yunwa ta dawo. Wanda ya ci burodi da shayi kaɗai ƙarfe bakwai, kafin ƙarfe goma ya fara leƙen mai fanke.

A shekarar 1995 wasu masu bincike a jami'ar Sidni ta ƙasar Ostireliya sun ba mutane abinci iri-iri, kowane da kalori daidai da na ɗan uwansa, suka auna yadda kowane ke riƙe ciki cikin awa biyu. Farin burodi suka ɗauka ma'auni, suka ba shi maki 100. Ƙwai ya samu wajen 150, burodin alkama mai dusa ya ɗan ɗara haka, wake ya fi su, dafaffen dankalin turawa kuwa ya haura 300. Abin da ya raba su shi ne yawan ruwa, da ɓawo ko dusa, da sinadarin gina jiki da ke cikin abincin.

Batun ruwa yana da muhimmanci ga mai kwatanta burodi da tuwo. Burodi abinci ne busasshe, ruwan da ke cikinsa kamar kashi ɗaya cikin uku ne. Tuwon gero ko na dawa kuwa mafi yawan nauyinsa ruwa ne. Saboda haka malmalar ɗumame da miyar kuka, irin karin safen da har yanzu ake yi a gidaje da dama a Tibiri da ƙauyukan Gobir, tana cika ciki fiye da burodin da ya yi daidai da ita a kalori, muddin ba a kwarara mata man shanu ba. Burodi ba ya nauyi a hannu, shi ke sa a ci da yawa ba a ankara ba.

Sai gishiri, wanda ba a jin sa a baki sosai amma yana nan. Giram 100 na baget yana ɗauke da fiye da giram ɗaya na gishiri, alhali hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, haɗe da na miya da na dunƙulen magi. Ko a Faransa, masu gidajen burodi sun sa hannu a 2022 kan yarjejeniyar rage gishirin da suke sawa. Mai hawan jini yana da dalili na biyu ke nan na rage girman yankansa.

Burodi biyu a gari ɗaya

Maraɗi, saboda kusancinta da Jibiya da Katsina ta hanyar Ɗan Isa, ta saba da burodi iri biyu. Akwai baget mai ɓawo, wanda asalinsa fulawa ce da ruwa da gishiri da yis. Akwai kuma lallausan burodi irin na Najeriya, mai zaƙi, da ake sayarwa cikin leda, wanda ake ƙara wa sukari da bota ko mai a wurin kwaɓi. Na biyun ya fi tauri a ciki ba kamar baget mai rami-rami ba, don haka yanka mai kauri ɗaya yakan fi nauyi a sikeli fiye da yadda ido ke gani. Mai son rage ƙiba, in zaɓi ya rage tsakanin biyun nan, baget ya fi masa.

Akwai na uku, burodin alkama da ba a cire wa dusa ba, wanda ake kira "pain complet" da Faransanci. Ba kowane gidan burodi ke yin sa ba, kuma ya fi tsada. Kalorinsa bai yi ƙasa da na fari sosai ba, amfaninsa shi ne ya fi riƙe ciki. A lura kuma, duhun launi kaɗai ba shaida ba ne, domin ana iya rina farin burodi da ƙonannen sukari. Na gaske yana da nauyi, kuma ana ganin ɗigo-ɗigon dusa a cikinsa.

Wasu sun yarda cewa in an gasa burodi ya bushe, ko an bar shi ya kwana, ya daina sa ƙiba. Ruwa ne kawai ya fita, kalorin yana nan yadda yake. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Ingila a 2008 ya nuna cewa burodin da aka daskarar a firijo sannan aka gasa ba ya ɗaga sukarin jini da sauri kamar sabo, amma wannan ɗan sauƙi ne, bai mai da burodi biyu ya zama ɗaya ba.

Abin da ya kamata ya raka shi

A nan Maraɗi tana da sa'ar da garuruwa da yawa ba su da ita. Fadamar Jiratawa da aka gyara don noman rani a farkon shekarun 1980, da garake na bakin Gulbin Maraɗi, suna kawo zogale da tumatir da albasa da kabeji da salati da karas kasuwannin birni, musamman lokacin ɗari da kayan lambu ke araha. OMS na ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a rana. Kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli, tare da ƙaramin yanka na burodi, abinci ne cikakke, kuma zai kai mutum azahar ba tare da jiri ba. Sai dai mai kwaɗon ta sassauta hannu wajen zuba mai.

Wake shi ne abokin burodi da ya fi kowane arha da amfani. Dafaffen wake giram 100 bai kai rabin kalorin burodi mai nauyi ɗaya ba, ga shi yana daɗewa a ciki. Ƙosai da awara ma daga wake da waken soya suke, amma sun sha mai a kasko, don haka wanda ya cusa ƙosai biyar cikin rabin baget ya koma kusa da lissafin mayonas. Nono marar sukari, kifi ko gasasshen nama marar kitse, duk suna yin aikin da wake ke yi.

Kuskuren da ya fi yawa a gidaje shi ne tara masu sitaci a kwano ɗaya: taliya ko makaroni a ci da burodi, ko dankali soyayye cikin burodi, sannan a bi da fura mai sukari ko lemun kwalba. In burodi ya shigo, ya zauna a madadin shinkafa ko tuwon wannan lokacin. Haka ma a watan azumi, inda akan sha ruwa da kunu da ƙosai da burodi da shayi, sannan a ci tuwo bayan asham. Ba mamaki wasu ke fita daga azumi sun fi yadda suka shiga nauyi.

Ga masu cewa sai an yanke sitaci gaba ɗaya, akwai binciken jami'ar Stanford ta Amurka da aka wallafa a 2018. Mutum 609 aka raba gida biyu har shekara guda, wasu suka rage sitaci, wasu suka rage mai. Na farko sun sauke wajen kilo 6, na biyu kilo 5 da ɗan wani abu, bambancin da masu binciken suka ce ba abin dogaro ba ne. Duka ɓangarorin an umarce su da rage sukari da farar fulawa da yawaita ganye. Wani babban bincike a Amurkar, da ya fito a 2002, ya nuna cewa masu haɗarin kamuwa da ciwon sukari da aka sa wa burin sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a sati, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo shida ne da ɗan ɗoriya. Minti 150 kuwa tafiyar rabin awa ce sau biyar a sati, abin da kabu-kabu da adaidaita suka raba mutanen birni da shi.

Wanda wannan lissafi bai shafa ba

Jihar Maraɗi ta daɗe tana cikin waɗanda tamowa ta fi addabar yara ƙanana, kuma ba abin mamaki ba ne a samu uwa mai ƙiba da yaro mai rama a gida ɗaya. Ragin abinci na babba ne wanda nauyi ya yi wa yawa. Ba a rage wa yaro, ba a rage wa mai ciki ko mai shayarwa sai da umarnin ma'aikacin lafiya. Ƙwan da uba ya rage a teburin mai shayi ya fi amfani a kwanon yaron.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin shi ma kada ya yanke burodi ko tuwo farat ɗaya, domin sukarin jininsa na iya faɗuwa ƙasa har ya suma. Ya fara zuwa CSI na unguwarsu ko wurin likitan da ke duba shi, a daidaita maganin da sabon cin abincin.

Wanda ba shi da sikeli a gida, tef ɗin tela ya ishe shi. A auna ƙugu a tsaye, daidai tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan an fitar da numfashi. In ya wuce santimita 80 ga mace ko 94 ga namiji, haɗarin ciwon sukari da hawan jini ya fara ƙaruwa. Awo sau ɗaya a sati biyu, da safe kafin a karya, ya isa a gane ko ƙaramin yankan burodin yana aiki.