Dokokin Hanya da Alamar Tsayawa: Bayani ga Masu Hawan Keke a Yankin Warra, Yauri da Shanga

Keke shi ne abin hawan manomi zuwa fadama, da masunci zuwa bakin tafkin Kainji, da ɗalibi zuwa makaranta. Hanyar da yake bi kuwa ba tasa ba ce shi kaɗai. Daga Warra, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, zuwa Yelwa da Shanga, mai keke yana cuɗanya da 'yan kabu-kabu, da amalanken shanu, da mata masu tallar kifi, da manyan motoci. Don haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin abin da doka ta tanada.

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Wannan ƙa'ida ta hau kan mai keke kamar yadda ta hau kan direba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da bin dokokin hanya, kuma Dokokin Zirga-zirga na Ƙasa na 2012 sun fayyace alamomin da ake kafawa a bakin titi.

Alamar tsayawa jan allo ne mai kusurwa takwas, da kalmar STOP a rubuce. An ba ta wannan siffa ta daban domin ko wanda bai iya karatun boko ba ya gane ta daga nesa. Ma'anarta a tsaya cak, a sauke ƙafa ƙasa, a dubi hagu, a dubi dama, a sake duba hagu, sannan a wuce. Ta bambanta da alamar ba da hanya, mai kusurwa uku da tsininta ke kallon ƙasa, wadda ke nufin a rage gudu, a bar na babbar hanya su fara wucewa.

Wasu kan ce tsayawa na kashe wa mai keke ƙarfi, musamman idan ya ɗauko buhun albasa. Gaskiya ne, har ma jihar Idaho ta Amurka ta yi doka a 1982 da ta yarda mai keke ya rage gudu kawai a irin wannan wuri. Amma a ƙasarmu ba a yi wa keke wannan rangwame ba. Dalili kuwa a fili yake: motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin mai keke ya ƙetare titi cikin daƙiƙa biyar, ta riga ta shafe fiye da mita 80, kuma tirela mai kaya ba ta tsayawa nan take.

A yawancin hanyoyin gona da burtali babu allo. Duk da haka, wanda ya fito daga ƙaramar hanya zai hau babba, kamar titin Kontagora zuwa Yelwa da Koko, shi ne zai jira. A cikin burtali kuwa, a ba masu tafiya a ƙasa da dabbobi hanya, a kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, a kuma miƙa hannu kafin a karya kwana. Kada a fita da keken da ba shi da birki, ko da dare ba fitila.

Muna kira ga uwayen ƙasa, dagatai, kansiloli da shugabannin makarantu da su sanar da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma duk mahaɗar da allonta ya faɗi ko ciyawa ta rufe, su kuma hana cire alluna don yin rumfa. Idan haɗari ya auku, a kira lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.