Ko Kun Sani?

Ringin fistin da ke cikin injin tarakta ko babban injin ban ruwa a gonakin Kura da Bunkure yana goga jikin silinda sau dubbai a minti ɗaya, cikin zafi mai tsanani. Shi ya sa wasu masu ƙera shi ke fesa masa narkakken ƙarfe mai suna molibdinam, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,600. Wani ɗan ƙasar Suwizalan, Max Schoop, ne ya ƙirƙiro dabarar feshin ƙarfe wajen shekarar 1910.

Abin sha'awa, fatar da aka fesa tana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, inda baƙin mai ke maƙalewa ya rage gogayya. Amma babban abokin gabanta shi ne ƙurar hunturu. In yashi kaɗan ya kuɓuce wa filtar iska, sai ya gauraya da mai ya riƙa kankare ringin, injin ya fara hayaƙi yana shan mai tun kafin shinkafa ta nuna.

Manomi, duba filtar iskarka kafin ruwan madatsar Tiga ya iso gona.