Ƙwan Tarwada a Bakin Fadama

Duk lokacin da kifi ya yi ƙaranci a rafukan Taba da Makarfi da Ikara, ko a kogin Galma, masunci da komarsa ake fara ɗora wa laifi. Ni kuwa a ganina, kifin yakan salwanta ne tun yana ƙwai.

A lungunan gaɓar teku, ƙwan yawancin kifaye yawo yake yi a saman ruwa, girmansa wajen milimita 1, kuma ɗumin ruwa da yawan gishirinsa ne ke tantance irin da zai ƙyanƙyashe da wanda zai mutu. Namu ruwan babu gishiri, amma shi ma haka yake tankaɗe da rairaya. Ku dubi tarwada. Idan damina ta kankama, wajen Yuni da Yuli, sai ta bi dare bayan ruwa mai ƙarfi ta haura cikin ciyawar da ambaliya ta rufe, inda ruwan ko gwiwa bai kai ba. Ƙwanta danƙo gare shi, yana manne wa ciyawa, ita kuma ta yi gaba abinta, babu gadi. Cikin kwana 1 zuwa 2 yake ƙyanƙyashewa. A wannan ɗan tsakanin, in laka ta gangaro daga gonar da aka nome har bakin ruwa ta lulluɓe shi, iska ba za ta isa gare shi ba. Karfasa kuwa a baki take goyon nata ƙwan, shi ya sa ta fi jure irin wannan ɓarna.

Wani zai ce ai tarwada guda tana zuba ƙwai dubun dubata, asarar nawa take? To amma duk a dare ɗaya ta zuba su, a wuri ɗaya, don haka wankin tankin feshi sau ɗaya a rafi ya isa ya gama da su gaba ɗaya. Manomin rake a Makarfi shi ma zai ce fadamar nan ita ce cinsa da shansa, kuma gaskiyarsa ce. Ba cewa ake ya bar gonarsa ba. Taku kaɗan na ciyawa zai bari tsakanin kunyarsa ta ƙarshe da bakin ruwa, kada ya fesa mata maganin ciyawa a makonnin nan na farkon damina. Ciyawar ce kuma za ta tare masa ƙasar gonarsa da ruwa ke kwashewa.