Giyar Dawa a Gidajen Maguzawan Ƙasar Malumfashi

Dawa ce uwar abinci a Karfi da sauran garuruwan ƙasar Galadiman Katsina, tun kafin masara da takin zamani su zo su raba mata fili. Da ita ake tuwo da kunu, karanta a yi darni, dusarta a ba dabbobi. Amma a gidajen Maguzawa da ke warwatse a karkarar Malumfashi da Kafur da maƙwabtansu, dawa tana da wani aikin na dabam, domin da ita ake dafa giyar da aka fi sani da burkutu. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, babu mai ja da shi. Sai dai wanda yake son ya san yadda manoman wannan yanki suka zauna a dā, dole ya leƙa wannan tukunyar, don aure da mutuwa da noma duk sun ratsa ta gefenta.

Bamaguje ba ya son cunkoson gari. Gidansa a tsakiyar gona yake, ƙaton gida mai sassa da yawa, inda uba da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki suke noman gandu ɗaya. Murray Last, Baturen da ya rubuta tarihin Daular Usmaniyya, ya zauna a irin wannan gida kusa da Malumfashi a farkon shekarun 1970, yana nazarin yadda mutanen suke fahimtar cuta da magani. Kafin shi, Joseph Greenberg ya yi bincike a kan Maguzawan ƙasar Kano, littafinsa ya fito a 1946. Abin da duk mai lura zai fara gani shi ne matan Maguzawa ba sa kulle. Suna shiga gona da fartanya, kowace tana da gayaunarta, kuma abin da ta noma nata ne. Daga nan dafa giya ta samo gindinta. Namiji yana iya yin odar tukunya goma don biki, amma hannun da ya san aikin na mace ne.

Aikin kusan mako guda yake ci. Za a auno dawa a wanke, a jiƙa ta ta kwana, a tsame a baza a inuwa, a rufe da ganye ko buhu, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma. Cikin kwana uku zuwa huɗu sai ta fito da tsiro. A nan ake gane gwana, domin idan aka gaggauta zaƙin bai fito ba, idan aka yi sakaci kuma tsiron ya zarce ya cinye ƙwayar, ko fumfuna ta kama. Sai a shanya a rana ya bushe ƙarau, a niƙa. A dā a kan dutsen niƙa ake durƙusawa, daga baya injin niƙa ya ɗauke wa mata wannan wahala. Garin tsiron za a dama da ruwa a randa a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a ɗora gurbin a wuta ana tuƙawa da muciya har ya nuna, sannan a mayar masa da ruwan nan da aka ajiye. Tsohuwar da ke yin haka ba ta shiga ajin kimiyya ba, amma abin da take yi daidai yake: sinadarin da ke mayar da gari ya zama sukari yana cikin wancan ruwan na sama, kuma tafasa kashe shi take yi, shi ya sa ba a ɗora shi a wuta tare da gurbin.

Daga nan sai a bar haɗin ya kwana ya yi tsami, washegari a sake dafawa na sa'o'i, a tace, a bari ya huce. Itace da kara suna tafiya ba kaɗan ba, hayaƙi kuwa sai idon mai haƙuri. Mataki na ƙarshe shi ne zuba ɗan ragowar tsohuwar dahuwa a cikin sabuwa don ta tashi. Kafin kwana ɗaya ko biyu tukunya ta fara kumfa tana tsuwa, an gama. Abin da ke fitowa ruwa ne mai kauri, ja-ja, mai tsami-tsami, ana ɗiba da ludayi a zuba a ƙoƙo. Wannan ragowar da ake tayar da sabuwa da ita, ita ce gadon gidan. Amarya tana tarar da ita wajen uwar mijinta, kuma idan ta wata ta lalace sai ta aika a roƙo wajen maƙwabciya, kamar yadda ake ɗebo wuta. Mashaya sun san hannun kowace mace. Ba a rubuta sunan kowa a jikin tulu ba, amma za ka ji ana cewa yau ta gidan wane ce, kuma a taka tafiya mai nisa saboda ita.

A jihar Kentaki ta Amurka ma akwai gidajen da suka gaji sarrafa hatsi ya zama abin sha, sai dai tasu barasa ce mai suna bourbon, wadda doka ta ce dole aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsinta ya zama masara, a kuma ajiye ta cikin sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta. Zuriyar Beam suna lissafa farkon sana'arsu daga 1795, kamfanin Heaven Hill kuma yana hannun iyalin Shapira tun 1935, jim kaɗan bayan an ɗage haramcin giya da ƙasar ta yi daga 1920 zuwa 1933. Su ma suna mayar da ragowar tsohuwar dahuwa cikin sabuwa, suna kuma tattalin abin tayar da ita daga kaka zuwa jika. Inda hanya ta rabu shi ne su suna turara ruwan su tsiyaye tururinsa, abin ya yi ƙarfi ya kai kashi 40 cikin ɗari ko fiye, ya shekara da shekaru a ganga yana ƙara daraja. Burkutu ba a turara ta, kuma ba ta ajiyuwa. Bayan kwana biyu ko uku ta zama tsami zalla.

Wannan rashin ajiyuwar shi ya tsara komai. Abin da ba ya kwana da yawa ba a tara shi a yi dukiya, ba a kai shi Kano a sayar, dole a tara mutane a shanye. Saboda haka ranar da giya za ta nuna ita ce ranar taro, kuma daga ranar taron ake ƙirgowa baya a san yaushe za a jiƙa dawa. Mai gayya ba zai sa rana ba sai ya shawarci matan gida. Idan ranar ta zo, samari su yi sahu a kunya, makaɗa na bin su suna zuga, a inuwar ɗorawa kuma tuluna na jira. Ba kuɗi ake biya ba, tuwo da nama da giya su ne ladan, kuma wanda ya yi rowa a gayyarsa zai ga sakamako ranar da ya sake kira. Haka a bikin aure, haka a taron da ake yi bayan mutuwar dattijo, inda yawan tukwanen da aka dafa yake nuna girman mamacin da ƙarfin 'ya'yansa. Manomin da ya kai dami dubu yana neman sarautar Sarkin Noma kuwa, sai ya ciyar ya shayar har a daɗe ana labari. Irin wannan bikin na dubu sananne ne har wajen Arnan ƙasar Maraɗi.

Akwai kuma rabon iskoki. A addinin gargajiya, kafin a sha sai a ɗan zuba a ƙasa ko a wurin tsafin gida, tare da kaza ko akuya mai launin da aka ce iskan yana so. Maigida ne ke yin wannan, galibi a bakin damina da lokacin kaka.

Ban da ta biki akwai ta sayarwa, kuma a nan ne ribar mace take. Mata sukan raba ranaku tsakaninsu don kada dahuwa ta haɗu kasuwa ta mutu. Da kuɗin ake sayen akuya, a yi wa 'ya kayan ɗaki, a dā wani lokaci har a cika wa miji kuɗin haraji. Dusar da aka tace ma ba ta faɗuwa ƙasa banza, dabbobi ake ba su yi ƙiba. Ba za a ɓoye ɗaya gefen ba: an sha ganin magidancin da ya zuba damin gidansa a ƙoƙo kafin bazara ta raba, da faɗan da ke tashi a ƙarshen taro har ya kai gaban Sarkin Arna, shugabansu. Su kansu Maguzawa suna raina mutumin da giya ta hana shi fita gona.

Hukuma ba ta taɓa sakin jiki da abin ba, amma ta daɗe tana kau da kai. Sarakunan Musulunci sun bar Maguzawa da al'adarsu muddin suna biyan abin da aka ɗora musu. Turawa, bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, sun hana sayar wa 'yan ƙasa barasar ƙetare a Arewa, don haka kwalaben jin da suka mamaye Kudu ba su samu shiga ba, tukunyar ƙauye ta ci gaba da cin kasuwarta. Abin da ya rage mata ƙarfi daga cikin gida ya fito. Maguzawa da yawa sun musulunta, musamman daga kamfen ɗin Sardauna na shekarun 1960 zuwa yau. Wasu sun shiga Kiristanci, kuma cocin ECWA ita ma ba ta yarda mabiyanta su sha ba. A 2000 jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a, sayar da giya a fili ya zama laifi. Gayya kuma ta ja baya da kanta, tunda yanzu ɗan ƙwadago kuɗi yake so a hannu, maganin feshi kuma ya rage noman da ake tara mutane dominsa.

Hannun dai bai mutu ba. Jikar mai dafa giya da ta san yadda ake fitar da tsiro da yadda ake gane tsami ya kai, ita ce yau ke dama kunun zaƙi tana ɗurawa a robobi a kai kasuwar Malumfashi ko tashar Funtuwa. Ita ma dawar ta samu wata hanya. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya da na lemun malt suka koma sayen dawar Arewa, ciki har da gajeren irin kaura mai lamba SK 5912 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar. Dillalai suna auna ta buhu-buhu a kasuwannin hatsi na yankin, tireloli su yi Kudu da ita.