Bakin Teku Ba Bakin Binuwai Ba Ne

Duk lokacin da hutun Salla ko na ƙarshen shekara ya ƙarato, 'yan'uwanmu mutanen Arewa mazauna Kurmi sukan shiga shawarar inda za su kai iyali shan iska. Daga Agege zuwa Idi-Araba da Obalende, har Sabon Badun, amsar ba ta wuce bakin teku. Wannan kuwa ba laifi ba ne, gama Allah Ya hore wa Nijeriya gaɓar teku mai tsawon kilomita wajen 850, tun daga Badagiri har iyakar Kamaru, kuma hasara ce mutum ya shekara goma a Ikko ya koma gida bai taɓa ganin teku da idonsa ba. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, da yawa daga cikinmu kyaun wuri kaɗai suke dubawa, watau farin rairayi da itatuwan kwakwa, ba sa tambayar halin ruwan da za su tsaya a gabansa.

Ɗauki misalin saurayin da ya tashi a Jimeta, ko cikin garin Yola, ko Malkohi da ke wajen gari. Tun yana ƙarami ya san Binuwai. Ya san lokacin cikarsa da lokacin janyewarsa, watakila ma ya sha ƙetare wani sashensa da iyo. Idan neman abinci ya kawo shi Ikko, abokai suka ja shi bakin teku, sai ya tuɓe riga da ƙarfin zuciya, yana ganin ai ruwa ruwa ne. To, nan ne hatsarin yake, domin wanda bai iya iyo ba tsoro kan tsare shi a kan tudu, wanda ya iya kuwa shi ne mai shiga.

Bambancin kogi da teku

Kogi hanya ɗaya ya sani. Binuwai ya taso daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru, ya ratsa Garwa, da Jimeta, da Numan inda Gongola ya same shi, da Makurdi, har Lakwaja inda ya haɗu da Kwara, tafiyar kilomita wajen 1,400, kullum yana gangarawa. In ya ja mutum, sai ya bi shi a hankali yana karkata har ya kama gaɓa.

Teku ba haka take ba. Tana cika tana janyewa sau biyu a kwana guda, saboda haka wurin da ka shimfiɗa tabarma da hantsi yana iya zama cikin ruwa da la'asar. Sa'an nan raƙuman ruwan da ke dukan gaɓa dole su koma inda suka fito. Sukan taru su sami wata 'yar hanya tsakanin tudun rairayin da ke ƙarƙashi, su kwarara ciki da gudun da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Abin mamaki, wannan mashigar ita ce takan fi kama da wuri mai lafiya, don ruwanta ya fi duhu, ba kumfa, ba hayaniya, sai baƙo ya zaɓe ta. Wanda tsautsayi ya sa ta ja shi, kada ya yi kokawa da ita yana neman komawa tudu kai tsaye, gajiya ce za ta kashe shi. Ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga bakinta, ko kuwa ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu a kawo masa ɗauki.

Lokaci ma abin dubawa ne. Da damina, musamman daga Yuli zuwa Satumba, tekun Ikko ta fi fushi. A cikin watan Agusta na 2012 ta yi tumbatsa da dare ta afka wa bakin ruwan Kuramo, ta share rumfuna, ta ci rayukan mutane. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, takan ɗan lafa, shi ya sa hutun ƙarshen shekara ya fi dacewa da masu yara.

Ina za a nufa?

Dattawan da suka zauna Ikko a da, in an ce bakin teku, Bar Beach suka sani, can Victoria Island, inda aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a tun daga 1971. Yau babu shi. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina katangun duwatsu a mashigar jiragen ruwa, katangun suka tare rairayin da ruwa ke kawowa daga yamma, teku ta yi ta cin gaɓar shekara da shekaru. Daga 2008 aka fara cike wurin don gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Haka kuma a watan Afrilu na 2024 aka rushe wurin shaƙatawa na Landmark Beach saboda aikin babbar hanyar Ikko zuwa Kalaba. Don haka kada kowa ya ɗebi iyali bisa tsohon labari, a tambaya tukuna.

Ga mai son yara su taɓa ruwa, Tarkwa Bay ya fi sauran dama, domin katangun nan na duwatsu sun kare shi daga manyan raƙuman ruwa. Sai dai mota ba ta zuwa, a jirgin ruwa ake shiga, kuma bai kamata a hau jirgin da ba ya ba fasinja rigar da ke hana nitsewa ba, ko wanda aka yi wa lodin wuce kima. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna wurin, saboda haka a bincika halin da ake ciki a tashar jirgi kafin a biya kuɗi.

Ta gefen Lekki akwai irin su Elegushi da Eleko. Mota tana kaiwa, ana biyan kuɗin shiga, akwai rumfuna da dawakin haya. Ruwansu buɗaɗɗe ne, mai ƙarfi, na kallo ne da jiƙa ƙafa. Ranakun Asabar da Lahadi da yamma kiɗa da shaye-shaye sukan yi yawa, mai iyali ya sammaka ya dawo kafin la'asar.

Wanda ke son hutu da ilmi a haɗe, ya kama hanyar Seme ya tafi Badagiri. Can akwai benen da aka gina a 1845, akwai gidajen ajiye kayan tarihin cinikin bayi. Daga nan ake ƙetarewa a kwalekwale zuwa Gberefu, a taka da ƙafa ta hanyar da bayi suka bi har bakin teku. Wannan tarihi ya shafe mu, gama cikin waɗanda aka kwasa daga wannan gaɓa ta Afirka ta Yamma zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil akwai Hausawa da yawa, har suka shirya bore a can a 1807. Wurin yana da kyau ƙwarai, amma ba wurin wanka ba ne.

Mazauna Fatakwal da Kalaba da Uyo kuwa, Ibeno ne kusa da su, a Jihar Akwa Ibom, gaba da Eket. Rairayinsa shimfiɗe yake iyakar ganin ido.

Ko ina aka zaɓa, a fara neman masunta ko masu tsaron wurin a tambaye su inda ake shiga da inda ba a shiga. Matambayi ba ya ɓata. Kada a saki hannun yaro, kada a ba teku baya don ɗaukar hoto, kada a kai magariba.

Namu na gida

Wanda hutunsa ya kai shi gida Adamawa da rani, bai rasa komai ba. Idan Binuwai ya janye, tun daga Janairu har Afrilu, rairayi yakan fito fili guda a gefen gadar Jimeta, nan garin da jiragen kamfanonin Turawa kan zo da damina su yi lodi a zamanin da. Da yamma, in zafin Yola ya sauka, ga masunta suna ta da koma, ga shanu sun gangaro shan ruwa, ga masu lambu a gaɓa. Kusa kuma ga tafkin Geriyo da gonakin noman rani.

Amma shi ma kogin yana da nasa sharuɗɗan. Madatsar Lagdo da aka gama a Kamaru a 1982 tana sama da Yola, kuma idan aka saki ruwanta da damina kogi yakan cika fiye da yadda aka saba, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. Masu haƙar yashi sukan bar ramuka a ƙarƙashin ruwa. Ruwan tafki da na kududdufi kuma yana ɗauke da tsargiya, cutar da ruwan gishiri ba ya ba da ita. Yaran da aka haifa a Kurmi baƙi ne a Binuwai, kamar yadda iyayensu suke baƙi a teku, sai a sa musu ido.

Hausawa dai sun ce iya ruwa fid da kai. Allah Ya sa a je lafiya, a dawo lafiya, amin.